Bita, Digiri ko Koyo a Bakin Aiki: Wane Horo Ya Dace da Masu Riƙe Bayanan Binciken Dogon Zango?

Duk cibiyar da ke bibiyar rayuwar jama'a shekara da shekaru, akwai ranar da wannan tambaya za ta iso teburin shugabanta: an samu ɗan kuɗin horas da ma'aikata, ina za a zuba shi? A tura mutum uku taron bita na mako guda, ko a biya wa mutum ɗaya digiri na biyu? A ce kowa ya yi kwas ta intanet tunda kyauta ne, ko a nemo ƙwararre ya zauna da su wata da watanni a kan bayanan cibiyar? Kuɗin ba ya isa a yi duka, masu ba da tallafi kuma sun daina kau da kai. Tun watan Janairun 2023 hukumar NIH, mai ba da tallafin binciken lafiya a Amurka, ta wajabta wa mai neman tallafinta ya haɗa da tsarin yadda zai adana bayanan da zai tara da yadda zai raba su. Gidauniyar Wellcome ta Birtaniya ma tana neman irin wannan tsari.

Zan faɗi inda na karkata tun yanzu don mai karatu ya auna hujjojina da kansa. A wurina ƙashin bayan horon shi ne koyo a bakin aiki, a kan bayanan cibiyar da kanta, ƙarƙashin wanda ya taɓa yin aikin har ƙarshe. Sauran hanyoyin uku kowace tana da gurbinta, amma ba wadda za ta iya tsayawa ita kaɗai. Dalilin yana cikin yanayin bayanan ne.

Abin da ya raba waɗannan bayanai da sauran

Binciken da aka yi sau ɗaya aka tashi, mai tsara shi ne ke tattarawa, shi ke nazari, komai yana kansa. Binciken dogon zango kuwa ya fi masu yin sa tsawon rai. Na Framingham a Amurka ya fara a 1948 da mutum 5,209, aka ɗauki 'ya'yansu a 1971, jikoki kuma a 2002. A Birtaniya har yau ana bibiyar wasu daga cikin mutum kusan 17,000 da aka haifa cikin mako guda a watan Maris na 1958. Cibiyar Niakhar a Senegal tana ƙidayar haihuwa da mutuwa da ƙaura tun 1962, Matlab a Bangladesh tun 1966, Agincourt a Afirka ta Kudu tun 1992, Navrongo a Gana tun 1993. A tsofaffin cikinsu, waɗanda suka rubuta takardar tambayoyin farko sun daɗe da barin aiki. Bayanan sun fara a takarda, suka ratsa manhaja iri-iri, yau ana shigar da su da ƙananan na'urori a ƙofar gidajen mutane. Kowane sauyi ya bar tabonsa.

A ɗauka an yi wa wata yarinya rajista a gidan mahaifinta a 1999, aka ba ta lamba. A 2008 ta yi aure, ta koma wani ƙauye da shi ma ke cikin yankin binciken. Ma'aikacin da ke zagaya tsohon gidan ya rubuta cewa ta fita. Na sabon gidan ya tarar da baƙuwar fuska, ya rubuta cewa ta shigo, ya ba ta sabuwar lamba, ya ɗauki shekarar haihuwar da wani ɗan gidan ya faɗa masa, wadda ta bambanta da ta farko da shekara biyu. Yanzu a rumbun bayanai mace ɗaya ta zama biyu. Adadin masu ƙaura ya kumbura ba gaira ba dalili. Mafi muni, awon nauyinta da rigakafin da aka rubuta mata tana yarinya ba za su taɓa haɗuwa da bayanin jaririn da ta haifa a 2010 ba, alhali don a amsa irin wannan tambaya, wato yadda yarintar uwa ke shafar lafiyar ɗanta, aka yi ta kashe kuɗi ana zagayawa shekara goma sha ɗaya.

Ga wani kuma da ya fi ɓoyuwa. A zagayen farko an tambayi karatun mutum da yawan shekarun da ya yi a makaranta, 99 kuma na nufin ba a sani ba. Bayan wasu shekaru aka mayar da tambayar zuwa mataki: 1 firamare, 2 sakandare, 3 gaba da sakandare, 9 ba a sani ba. Sunan gurbin a rumbu bai canza ba. Baƙon da ya karɓi fayil ɗin zai ga 9, ya ɗauka shekara tara ce a makaranta, ya ga 2 ya ɗauka mutumin bai gama aji uku ba. Kwamfuta ba za ta yi ƙorafi ba, lissafi zai fito tsaf, a buga shi a mujalla. Wanda kaɗai ya san an yi sauyin shi ne tsohon jami'in bayanan, shi kuma ya tafi. Wani nazari da aka buga a mujallar Current Biology a 2014 ya bi sawun maƙaloli 516, ya gano cewa damar samun bayanan da ke bayan maƙala tana raguwa da kusan kashi 17 cikin 100 a kowace shekara bayan buga ta.

Saboda haka wanda za a horas dole ya fito yana iya tsara rumbu bisa tarihin kowane mutum, daga haihuwa ko shigowa zuwa fita ko mutuwa, ta yadda rumbun zai yi tsayayya idan aka ce wanda ya rasu ya sake ƙaura. Dole ya iya gyara kurakurai da rubutaccen umarni wanda wani zai iya karantawa ya maimaita, ba tare da taɓa asalin fayil ba. Dole ya iya rubuta kundin ma'anoni da ke faɗin kowace tambaya, kalmominta, zagayen da aka yi ta da ranar da ta sauya. Sai kare sirrin mutane, sai sanin yarjejeniyar da ake ba baƙo bayanai a kanta. Da wannan ma'auni za mu auna hanyoyin.

Taron bita

Bita ita ce kowa ke fara tunawa, kuma tana da dalilin farin jininta. Mutum ya bar ofis kwana biyu zuwa mako biyu, ya dawo, aiki bai tsaya ba. Akwai masu kyau ƙwarai. Ƙungiyar The Carpentries ta saba koyar da kayan aikin sarrafa bayanai a kwamfuta, irin su R da Python da SQL da Git, cikin kwana biyu, malami yana bugawa ɗalibai suna bugawa tare da shi. Makarantar CODATA da RDA, ƙungiyoyin duniya biyu masu kula da bayanan bincike, wadda ta fara a Trieste ta Italiya a 2016, tana ɗaukar mako biyu. Masu ƙa'idar DDI ta rubuta bayanin bayanai, wato ma'anar abin da ke cikin fayil, sun daɗe suna yin nasu zaman a Dagstuhl ta Jamus. Mutumin da bai taɓa ganin wata hanya ba sai buɗe Excel yana gyara lambobi da hannu, kwana biyu sun isa su nuna masa cewa akwai hanyar da ta fi, ya kuma dawo da lambobin wayar takwarorinsa na wasu cibiyoyi. Wannan zumunci kaɗai wani lokaci ya fi darasin amfani, don shi zai samar masa wanda zai tambaya ranar da abu ya cije.

Matsalar bita ita ce bayanan da ake gwaji da su. Don a gama cikin lokaci, malami yana kawo fayil ƙarami, tsaftatacce, kowane mutum layi ɗaya. Ba mace mai lamba biyu a ciki, ba tambayar da ta sauya ma'ana. Ɗalibi ya dawo da ƙarfin gwiwa, ya buɗe rumbun cibiyarsa mai tarihin shekara ashirin, ya rasa ta inda zai kama. Ga zagaye na gaba ya matso, ga shugaba yana jiran rahoto, sai ya koma hanyar da ya sani. Bayan wata uku abin da ya rage shi ne takardar shaida a bango. Ba zato nake yi ba: a 2017 mujallar PNAS ta buga nazarin da ya bibiyi ɗaliban digiri na uku su 294 a jami'o'i 53 na Amurka, masu binciken kuma ba su ga wani bambanci a ƙwarewa ko yawan wallafa tsakanin waɗanda suka halarci irin wannan gajeren horo da waɗanda ba su halarta ba. Ɗaliban kimiyyar halittu ne, ba jami'an bayanai ba, amma darasin ya shafe mu.

Bita tana yin tasiri idan manufarta ɗaya ce kuma ƙunƙuntacciya, idan kowa ya zo da bayanan cibiyarsa, idan kuma an tura mutum biyu daga wuri ɗaya don su riƙa tunatar da juna. In aka ce maka cikin kwana biyar za a koyar da tsara rumbu, da kare sirri, da doka, da nazari gaba ɗaya, to yawon buɗe ido ne za a yi a kan batutuwan.

Kwas ta intanet

A nan ba sai na daɗe ba. Kwas ɗin MANTRA na Jami'ar Edinbara, da jagorar CESSDA ta rumbunan kimiyyar zamantakewa na Turai, da darussan The Global Health Network duk kyauta ne, kuma suna koyar da tushe da kyau: yadda ake sa wa fayil suna, yadda ake ajiye kwafi, ma'anar ƙa'idojin FAIR na 2016 da ke neman bayanai su zama masu sauƙin nemowa, da samu, da haɗawa da wasu, da sake amfani. Ya kamata kowane ma'aikaci ya yi ɗaya daga cikinsu, har da shugaba, don a samu harshe ɗaya a cibiya. Sai dai mutum shi kaɗai gaban kwamfuta bayan an tashi aiki, da wuya ya kai ƙarshe. Nazarin da ya fito a mujallar Science a 2019 kan buɗaɗɗun kwasa-kwasan intanet na jami'o'in MIT da Harvard ya nuna kusan kashi 3 cikin 100 ne ke kammalawa. Hanyar da H3ABioNet, ƙungiyar masana bayanan halittu ta Afirka, ta bi tun 2016 ta fi burge ni: malami yana nesa yana koyarwa ta intanet, amma ɗalibai suna taruwa a aji a cibiyarsu a ranaku sanannu, da mataimaki a tare da su, har tsawon kusan wata uku. Idan za ka dogara da intanet, kwaikwayi wannan. Ware sa'o'i a cikin lokacin aiki, a zauna tare.

Digiri na biyu

Abin da digiri ke bayarwa wanda sauran ba sa bayarwa shi ne fahimtar dalili. Mai digiri a ilimin yaɗuwar cututtuka ko ƙididdigar jama'a ya san me ya sa ake lissafa shekarun da kowane mutum ya zauna a yankin bincike a maimakon ƙirga kawuna kawai, ya san yadda ɓacewar masu ƙaura ke karkatar da sakamako, tunda waɗanda ke tafiya ba irin waɗanda ke zama ba ne. Irin wannan mutum idan ya zauna tsara rumbu, yana tsarawa da tambayar da za a yi wa bayanan nan da shekara goma a zuciyarsa. Digiri kuma yana ɗaga darajar aikin. A cibiyoyi da yawa ana kallon jami'in bayanai kamar mai gyaran kwamfuta, ba a kiransa zaman tsara bincike sai an gama yanke komai. Takardar digiri tana buɗe masa ƙofar wannan ɗaki.

Amma a duba manhajar karatun da kyau kafin a biya. Yawancin darussan suna koyar da nazarin bayanan da wani ya riga ya tsaftace, wato daidai aikin da ke zuwa bayan wanda muke nema. Kaɗan ne suka ware fanni don sarrafa bayanan bincike, kamar yadda Jami'ar Witwatersrand ta Johannesburg ta yi a cikin digirinta na biyu. Sannan shekara ɗaya ko biyu mutumin ba ya nan, kuma galibi mafi ƙwazon ma'aikata ake turawa, shi ne kuwa wanda rumbun ke kansa. Babban haɗarin yana zuwa bayan ya dawo. Wanda ya iya SQL da R, ya san kare bayanai, bankuna da kamfanonin sadarwa da ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa suna nemansa da albashin da cibiyar bincike ba za ta iya ba. Ba laifinsa ba ne in ya tafi. Idan cibiya ba ta tanadi muƙami da ƙarin girma da zai dawo ya tarar ba, to ta horas wa wasu ne da kuɗinta. In za a tura mutum, a yi sharaɗi kundin bincikensa ya zama a kan bayanan cibiyar, a kuma sa wani ya zauna a gefensa watanni kafin tafiyarsa, yana rubuta duk abin da ke kansa.

Koyo a bakin aiki

Abin da nake nufi ba barin sabon ma'aikaci ya yi ta lalube ba ne. Ina nufin a zaɓi aiki ɗaya na gaske, misali fitar da bayanan haihuwa da mutuwa da ƙaura na shekara goma zuwa wani rumbu da masu bincike na waje za su iya nema, a haɗa ma'aikata biyu ko uku da wanda ya taɓa yin haka, a sa ranar gamawa. Ko dai ƙwararren ya zo ya zauna, ko ma'aikatan su je tsohuwar cibiya su yi watanni, ko a riƙa haɗuwa ta intanet duk mako ana duba abin da aka rubuta layi-layi.

An gwada wannan, an kuma ga amfaninsa. Ƙungiyar INDEPTH, wadda aka kafa a 1998 don haɗa cibiyoyin sa ido kan lafiya da yawan jama'a na Afirka da Asiya, ta buɗe rumbunta na bai ɗaya a 2013. Ba lacca aka yi wa jami'an bayanai aka sallame su ba. Kowa ya zo da bayanan cibiyarsa, aka ba shi ƙaramar kwamfutar ajiya mai ɗauke da manhajojin da ake bukata, ya rubuta umarnin da zai juya rumbunsa zuwa fasali ɗaya da na kowa, aka auna ko jerin abubuwan da suka faru ga kowane mutum yana da ma'ana, ya koma ya gyara, ya sake kawowa. Ƙungiyar ALPHA, mai haɗa cibiyoyin binciken cutar ƙanjamau a gabashi da kudancin Afirka tun 2005, ita ma haka ta saba: a ɗauki tambaya guda, kowace cibiya ta shirya bayananta a fasali ɗaya, a zauna a yi nazarin tare. Mutum ya tashi da ƙwarewa, cibiya ta tashi da fayil da umarnin da za ta sake amfani da shi baɗi.

Wannan ne fifikon hanyar a wurina. A sauran ukun, abin da aka koya yana zaune a kan mutum, ya tafi da shi duk inda ya tafi. A nan rabin amfanin yana zama a rubuce: umarnin gyara, kundin ma'anoni, jerin kurakuran da aka gano da hukuncin da aka yanke a kan kowanne. Mace mai lamba biyu da muka ambata, a irin wannan zama ne ake gano ta, a tsara yadda za a riƙa daidaita masu ƙaura cikin gida, a koma wa ma'aikatan fili a nuna musu tambayar da za su riƙa yi wa duk baƙuwar fuska kafin su ba ta lamba.

Tana da nata raunin, kuma ba ƙarami ba ne. Idan mai koyarwar daga cikin gida yake, zai gadar da munanan ɗabi'unsa tare da kyawawan, domin gwano ba ya jin warin jikinsa. Cibiyar da ta shekara ashirin tana gyara asalin fayil da hannu ba za ta ga aibin hakan ba sai wani ya zo daga waje. Ƙwararrun da za su iya jagoranci kaɗan ne, kuma nasu aikin ya sha musu kai. Ba takardar shaida a ƙarshe, matashi kuwa yana bukatar abin da zai nuna gaba. Ga wuyar sa ta a kasafi: mai ba da tallafi yana son ya ga an ce mutum talatin sun halarci taro, ya fi masa daɗin rubutawa a rahoto da a ce mutum biyu sun yi wata shida suna gyara rumbu. Maganin takardar shaida yana da sauƙi. A ba fayil ɗin da aka fitar lambar DOI, wato lambar dindindin da ake ambaton wallafa da ita, a sa sunayen jami'an bayanai a matsayin waɗanda suka samar da shi, a rubuta maƙalar da ke bayyana shi da sunansu a gaba.

Ta wace ƙofa za ku raba bayanan?

Mutane da yawa suna zaɓen horo kafin su amsa wannan, alhali ita ke faɗin abin da za a koya. Idan bayanan za su zama a buɗe, kowa ya sauke, nauyin duka yana kan ɓoye masu su. Cire suna ba ya wadatarwa. Wata masaniya, Latanya Sweeney, ta lissafa, da ƙidayar Amurka ta 1990, cewa ranar haihuwa da jinsi da lambar yankin gidan waya sun isa su ware kusan kashi 87 cikin 100 na mutanen ƙasar ɗaya-ɗaya. A bayanan dogon zango abin ya fi tsanani, don kowane zagaye yana ƙara alama: matar da ta haifi tagwaye a wata shekara, mijinta ya rasu bayan shekara biyu, ta ƙaura ta dawo, duk maƙwabcinta zai gane ta ko ba suna. Shirin DHS na binciken lafiya da yawan jama'a yana gusar da wurin da aka tattara bayanai a taswira har kilomita 2 a birni, 5 a mafi yawan karkara, don wannan dalili, shi kuwa ba ya ma bibiyar mutum ɗaya shekara da shekaru. Wannan ƙwarewa ce da bita mai manufa ɗaya za ta iya dasawa, amma hukunci a kan ainihin fayil yana bukatar ido biyu.

Idan kuma sai an nemi izini, kamar yadda yawancin irin waɗannan bincike ke yi, to horon ya koma kan kwamitin da ke duba buƙatu: su san abin da takardar amincewar da mutane suka sa wa hannu ta halatta, su iya karanta yarjejeniya, su amsa cikin lokaci. Shari'ar ƙabilar Havasupai da Jami'ar Jihar Arizona a Amurka, wadda aka sasanta a 2010, ta taso ne saboda jinin da aka karɓa don binciken ciwon sukari an yi amfani da shi a wasu binciken da mutanen suka ce ba su yarda da su ba. Dokokin kare bayanan mutane ma sun shigo: GDPR a Turai tun 2018, ta Kenya a 2019, ta Najeriya a 2023, POPIA a Afirka ta Kudu. Ba kwas na duniya da zai koya maka dokar ƙasarka dalla-dalla, dole a nemo masani a gida.

Akwai kuma hanyar da bayanan ba sa barin gida sam. Ko dai mai bincike ya shiga killataccen dandali ya yi aikinsa a ciki, a duba sakamakon kafin ya fita da shi, bisa tsarin amintattu biyar da ofishin ƙididdiga na Birtaniya ya ɓullo da shi, wato amintaccen aiki, da mutum, da wuri, da bayanai, da sakamako. Ko kuma a aika umarnin nazari zuwa cibiyoyi, taƙaitaccen sakamako kaɗai ya dawo, kamar yadda manhajar DataSHIELD ke yi. Wannan ya fi kare mutane, amma yana neman injiniyan kwamfuta na dindindin, da juya bayanai zuwa fasali na bai ɗaya irin OMOP, wanda shirin INSPIRE ke amfani da shi a kan bayanan cibiyoyin gabashin Afirka. Cibiyar da ba ta gama kundin ma'anoninta ba, kada ta fara da nan.

Wa za a horas?

Kuskuren da ya zama ruwan dare shi ne a tura jami'in bayanai shi kaɗai. Ya dawo ya ce a daina sauya tambaya ba tare da rubutawa ba, babban mai bincike ya ce ba lokaci, magana ta mutu. Shugabanni suna bukatar nasu horon, ko da na kwana ɗaya ne, kan abin da ya kamata a ware na kuɗi da lokaci. Ma'aikatan fili kuma a hannunsu kuskure ke haihuwa, kuma da wuya a taɓa nuna musu abin da rubutunsu ke zama bayan ya isa ofis.

Akwai wani tsoro da ya kamata a faɗe shi a fili. Masu bincike a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi suna ganin su ke wahalar tattarawa shekara da shekaru, da an buɗe bayanan sai wanda ke da manyan kwamfutoci da lokacin zama ya riga su bugawa. Tsoron yana da tushe. Horon da ke koya wa mutum shirya bayanai don wasu kawai, ba ya koya masa nazarinsu da rubuta maƙala, zai ƙara masa ƙin rabawa ne. Duk shirin da za ka zaɓa, tambayi ko yana haɗa biyun.

Yadda zan raba kuɗin

Sabuwar cibiya da ba ta kai zagaye uku ba, ta aika mutum biyu su zauna a tsohuwar cibiya kafin a kafa rumbu, don gyaran tsari a farko ya fi arha nesa ba kusa ba. Tsohuwar cibiya mai tarin bayanan da ba a rubuta ma'anarsu ba, ta zuba mafi yawan kuɗin a jagoranci na watanni a kan fayil ɗaya, ta kuma nemo tsofaffin ma'aikatanta tun suna da ƙarfin tunawa, a zauna da su a rubuta. Wadda rumbunta ke lafiya, abu ɗaya kawai ya rage mata, kamar rubuta bayanin bayanai bisa DDI, bita ta ishe ta. Digiri kuwa sai ga cibiyar da ke da tallafin shekaru a gaba da muƙamin da za ta ba mai dawowa. Matashin da ke zaɓar wa kansa, ya fara da kwas ta intanet, ya nemi a sa shi cikin aikin fitar da fayil na gaske, in ya ga aikin ya kwanta masa sannan ya nemi digiri, zai shiga aji yana da tambayoyin da zai yi.

Kowace hanya aka bi, a sa gwaji ɗaya a cikin yarjejeniyar horon tun farko. Bayan wata shida a ɗauki fayil da kundin ma'anoninsa, a miƙa wa wani mai bincike a wata cibiya wanda bai taɓa ganinsu ba, a ce ya fitar da adadin mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara biyar na shekaru uku ba tare da ya kira kowa ba. A kwatanta da alƙaluman da cibiyar ta buga a rahotonta. Duk inda ya tsaya ya rasa ma'anar wata lamba, a rubuta wurin, shi ne aikin wata shida na gaba.